Gada ɗaya ce tsakaninmu da tudu: mu karɓi gidan ko mu haƙura?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana ya samu aiki a tsibirin Sanibel da ke jihar Fulorida a Amurka, an kuma yi mana tayin gidan haya kusa da wurin aikin. Gada ɗaya ce tak ta haɗa tsibirin da tudu. Na ji an ce mahaukaciyar guguwa ta taɓa karya ta, amma wai an sake gina ta da ƙarfi. Muna da yara biyu ƙanana, ga surukata mai ciwon sukari tana tare da mu. Haɗarin ya kai mu ƙi gidan?

Amsa: Malama, barka kadai, Allah ya sanya albarka a aikin. Tun da shawara kika nema, bari in fara da ita kafin dalilai. Da ku biyu ne kawai, ke da maigida, zan ce ku karɓa bisa wasu sharuɗɗa. Amma da ƙananan yara da tsohuwa mai ciwon sukari, ni dai na fi son ku nemi gida a kan tudu, can ciki nesa da gaɓa, maigida ya riƙa ƙetarawa aiki yana dawowa. Ba ƙarfin gadar nake shakka ba. Abin da gada ɗaya take yi wa mazaunin tsibiri shi ne ta rage masa lokacin fita kafin guguwa, sannan ta tsawaita masa wahala bayanta, kuma waɗannan biyun suna nan ko da ko tsaguwa gadar ba ta yi ba.

Abin da kika ji gaskiya ne. Ranar 28 ga Satumba, 2022, guguwar da aka sa wa suna Ian ta sauka a Cayo Costa, ɗan arewa da Sanibel, da iska mai gudun kusan kilomita 240 a awa. Ruwan teku ya haye tsibirin, a wasu wuraren ya kai mita 3 zuwa 4 a kan ƙasa, alhali yawancin Sanibel bai fi mita ɗaya da 'yan kai sama da teku ba. Hanyar da ta haɗa shi da tudu, wadda tsawonta ya kusa kilomita 5, ta yanke a wurare da dama. Mutum sama da 6,000 ke zaune a Sanibel, ga na tsibirin Captiva da ke bayansa, su ma ta nan suke bi. Waɗanda suka ƙi fita sai da jirage masu saukar ungulu da jiragen ruwa aka kwaso su. Ba a buɗe wa mazauna hanya ba sai 19 ga Oktoba, mako uku cif, wannan ma gyaran wucin gadi ne, kuma an yaba da saurinsa.

Ki lura da inda ta yanke, domin a nan mutane ke kuskuren fahimta. Abin da ake kira gadar Sanibel gadoji uku ne, da wasu ƙananan tsibirai na yashi da aka cike a tsakaninsu, titi ya bi ta kai. Ginshiƙan kankare da aka kafa a ƙarƙashin teku sun tsaya. Yashin ne ruwa ya kwashe, musamman a daidai inda titi ke hawa gada. Kin san yadda rafi ke yi wa kwalbati da damina: kankaren yana nan daram, amma ƙasar da ke gefensa biyu ta tafi, mota ba ta da ta inda za ta hau. Haka abin yake, sai dai girman ya bambanta. A tsibirin Pine da ke maƙwabtaka ma haka ta faru a garin Matlacha, titin da ke kaiwa gada ruwa ya cinye. A gyaran da aka yi wa hanyar Sanibel daga baya an kakkafa bangon ƙarfe a cikin ƙasa, an jera manyan duwatsu, don kada ruwa ya sake samun yashin a sauƙaƙe. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba.

Akwai wata hanyar da gada ke lalacewa. Idan teku ya tumbatsa har ya taɓo ƙasan gadar, igiyar ruwa na dukanta daga ƙasa, iskar da ta maƙale a ƙarƙashinta kuma tana ɗaga ta sama. Gada an gina ta ne don ta ɗauki nauyi daga sama, yawancin tsofaffin kuwa nauyinsu ne kawai ke riƙe su a kan ginshiƙai. Shi ya sa guguwar Ivan a 2004 ta ture sassan gadar babban titi a mashigin Escambia kusa da Pensacola, Katrina kuma a 2005 ta zubar da na Biloxi da Bay St. Louis a jihar Misisipi. A Alabama, guguwar Frederic ta rushe gadar tsibirin Dauphin a 1979, ba a samu sabuwa ba sai 1982. Shekara uku mutane suna shiga jirgin fito kafin su je kasuwa ko asibiti.

To amma mu ɗauka gadarku ba za ta taɓa karyewa ba. Matsala ta farko tana nan: za ta daina amfani tun kafin guguwar ta iso. A yawancin yankunan gaɓar Fulorida, da zarar iska ta tsaya a kan gudun mil 40 a awa, wato kilomita 65, hukuma kan rufe dogayen gadoji ko ta gargaɗi mutane kada su hau, motocin asibiti da na kashe gobara su ma sukan daina fita. Irin wannan iska ba ita ce guguwar ba, gefenta ne kawai, kuma takan rigayi tsakiyar isowa da rabin yini ko fiye. Don haka idan an ce guguwa za ta sauka Laraba da la'asar, naki lokacin ya ƙare tun daren Talata. Wani lokacin ma ruwa kan riga iskar. A 2008, kafin guguwar Ike ta sauka a Galveston ta jihar Texas, teku ya fara hawa tun kwana guda kafin nan, sama tana garau, ya rufe titin zirin Bolivar mutane suna cikin ɗaure kaya. Da yawa a nan suka maƙale.

Sai maganar cunkoso. Hanyar Sanibel layi biyu ce, ɗaya shiga, ɗaya fita. A lissafin masana hanya, layi ɗaya, idan komai lafiya, bai cika ɗaukar fiye da mota 1,800 zuwa 2,000 a awa ba, ranar gudun guguwa kuwa komai ba lafiya ba: ana ruwa, wasu na jan kwale-kwalensu a bayan mota, wani mai ya ƙare masa. Mota ɗaya ta mutu a tsakiyar gada, duk wanda ke baya ya tsaya, babu kwanar da za a kauce. Kuma ƙetare gadar bai fitar da ke ba. Tana sauka ne a Punta Rassa, wuri mai kwari a bakin ruwa, daga nan ki shiga titin da mutanen Fort Myers Beach da sauran unguwannin gaɓa su ma suke gudu a kai.

Wannan lissafin ne ya sa a tsibiran Keys, can kudancin jihar, inda titi guda mai gadoji 42 ya ratsa sama da kilomita 180, ake fitar da mutane kashi-kashi, a fara da baƙi masu yawon buɗe ido kwana biyu kafin iska, sannan mazauna. Har adadin sababbin gidajen da ake yarda a gina an ɗaure shi da sharaɗin cewa dole a iya kwashe mazauna cikin kimanin kwana ɗaya. Sun koyi darasin da tsada. A 1935 layin dogo ne hanyarsu, aka tura jirgin ƙasa ya kwaso ma'aikata, ya makara, ruwa ya ture taragunsa a Islamorada. Mutum fiye da 400 suka mutu, da yawansu tsofaffin sojojin yaƙin duniya na ɗaya da ke aikin titi.

Yanzu ki haɗa wannan da yadda hasashe yake. Ana sanar da shirin ko-ta-kwana awa 48 kafin iska, gargaɗi na sosai kuma awa 36. Zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa a talabijin hanyar tsakiyar guguwa kawai yake nunawa, kuma an zana shi ne yadda tsakiyar za ta faɗa cikinsa kusan sau biyu cikin uku. Bai nuna faɗinta ba, bai nuna inda ruwa zai hau ba. Lokacin Ian hankalin kowa yana kan Tampa, sama da kilomita 150 a arewa. Wasu gundumomin sun ba da umarnin fita tun Litinin, gundumar Lee kuwa, inda Sanibel yake, sai safiyar Talata, guguwa ta sauka Laraba. Gundumar ce ta fi kowace asarar rayuka, mutum sama da 70, kusan rabinsu ruwa ne ya ci su, kuma tsofaffi ne suka fi yawa a ciki. An yi ta muhawara a kan jinkirin. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne, mai zaune a bayan gada ɗaya bai kamata ya rataya fitarsa a kan umarnin hukuma ba. Hukuma tana auna kuɗi da cunkoso da fushin jama'a idan aka kwashe su guguwa ta kauce. Ke kuwa rai biyar kawai kike aunawa.

Za ki haɗu da maƙwabta da za su ce miki sun zauna a gida lokacin guguwa kaza, ba abin da ya same su. Ki saurare su da ladabi, kada ki bi su. A watan Agusta na 2004 guguwar Charley ta sauka kusan daidai inda Ian ta sauka, da ƙarfin iska kusan iri ɗaya, mataki na 4 a ma'aunin guguwa mai mataki biyar. Amma Charley ƙarama ce mai sauri, ba ta samu lokacin tara ruwa ba, sai ta fi ɓarna a rufin gidaje da itatuwa. Ian faffaɗa ce mai tafiyar hawainiya, ta yi awoyi tana turo teku kan gaɓa marar zurfi. Wasu da suka tsira a Charley sun zauna wa Ian da wannan tunanin. Matakan nan na 1 zuwa 5 iska kawai suke aunawa. Ike mataki na 2 ce, amma ta share gidajen Bolivar. Binciken da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne sanadinsu, kusan rabi kuma tumbatsar teku ce kai tsaye. Lambar da za ki riƙa nema a sanarwa ita ce ƙafa nawa ruwa zai hau a unguwarku.

Af, wani abu da zai ba ki mamaki: yawancin manyan guguwowin nan daga wajenmu suke tasowa. Hadarin da ke ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya daga gabas zuwa yamma a watan Agusta da Satumba, idan ya fita teku ta wajen Senegal ya samu ruwa mai ɗumi, wani daga ciki shi ke girma ya zama abin da ake sa wa suna. Shi ya sa lokacin da damina ta kankama a gida shi ne lokacin da za ku fi sa ido a can, ko da yake a hukumance kakar guguwa tana farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba.

Bayan guguwa kuma sai wahala ta biyu, wadda ta fi shafar surukarki. Gada ba motoci kawai take ɗauka ba. Motocin gyaran wuta, tankar mai, motar abinci, motar kwashe shara, duk ta kanta suke bi, a wasu wuraren ma bututun ruwa da wayar lantarki a jikinta aka ɗaure su. Ruwan shan tsibiran Keys daga tudu yake zuwa ta bututu ɗaya da ke bin titin. A tsibirin Hatteras na jihar Karolina ta Arewa, a 2017 masu aikin sabuwar gada suka huda wayar wutar da ke ciyar da tsibirin, aka kwashe dubban baƙi ana tsakiyar kakar hutu, ba guguwa ba komai. Can ma guguwar Isabel ta 2003 ta haƙa sabon mashigin ruwa ta raba ƙauyen Hatteras da sauran tsibirin kusan wata biyu, Irene kuma ta sake yanke titin a 2011. A Sanibel bayan Ian, sai da aka yi kusan mako biyu kafin jerin motocin gyaran wuta su iya ƙetarawa ta titi. Ki ƙiyasta: ba wuta, ba ruwan famfo, ba kantin magani, babban asibiti yana tsallake, ga zafin Fulorida. Allurar insulin ba ta son zafi. Ƙaramin ciwo a ƙafar mai ciwon sukari, idan ya taɓa ruwan ambaliya mai gishiri, yana iya zama babban abu cikin kwana biyu, kuma bayan Ian an samu ƙaruwar masu kamuwa da wata ƙwayar cuta ta ruwan teku mai cin nama a gundumar Lee, wasu sun mutu. Janareta da mutane ke dogara da shi shi ma yana kisa idan aka kunna shi a gareji ko kusa da taga, iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari.

Wanda ya fita ma bai huta ba, amma tasa wahalar ta kuɗi ce. Ba za a bar ku ku koma ba sai hukuma ta buɗe hanya, kuma sai da takardar shaidar zama da hukumar birnin Sanibel ke bayarwa, wadda ake karɓa tun kafin kakar guguwa ta shigo. Ku sa a ranku cewa fitar kwana uku tana iya zama ta wata guda ko fiye, kuna biyan masauki, aikin maigida kuma wataƙila ya tsaya tun da wurin aikin ma a tsibirin yake. Gida da abin da ake ci duka a bayan gada ɗaya, wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son ku raba su.

Idan duk da haka kun ga gidan ne ya fi muku, saboda kuɗin haya ko nisa, to ga abin da ba zan sassauta a kai ba. Ku tambayi mai gidan tsayin daɓen gidan daga teku, akwai takardar da ke nuna wannan, ku kuma tambaye shi kai tsaye inda ruwa ya kai a 2022, da kuma 2024 lokacin Helene da Milton. Gidan da ke zaune a ƙasa daban, wanda aka ɗaga a kan ginshiƙai daban, ko da yake ɗagaggen kayanku zai tsare, ba dalilin zama ba ne. Inshorar masu haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, ita kuma ta gwamnati sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ba a sayenta ranar da aka ga guguwa a talabijin. Ku sa sunan surukarki a rajistar masu buƙata ta musamman da gunduma ke ajiyewa. Dokar Fulorida ta yarda a karɓi maganin wata guda kafin lokacinsa idan an ayyana dokar ta-ɓaci, ku yi amfani da ita tun ranar farko, ku tanadi ƙaramar kula mai riƙe sanyi don allurar. Fasfo, takardun zama da na aiki, takardun haihuwar yara, su zauna a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga. Ga baƙo a ƙasar, ɓatan waɗannan ya fi ɓatan kujeru da talabijin ciwo nesa ba kusa ba. Daga Yuni kada tankin mota ya sauka ƙasa da rabi.

Wurin zuwa ma a san shi tun yanzu, da suna da adireshi. Ba sai kun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba. A 2005 miliyoyin mutane suka fita daga yankin Houston saboda guguwar Rita, aka kwana a kan titi cikin zafi, mutum kusan 100 suka mutu a gudun kansa, ciki har da tsofaffi fiye da 20 da motarsu ta kama da wuta. Abin da ake gudu ruwa ne, kilomita 30 zuwa 50 cikin tudu, a gini mai ƙarfi da ke wajen yankunan da ake kwashewa, ya wadatar. Idan akwai 'yan'uwa ko mutanen masallaci a can ciki, ku yi magana da su tun ana zaman lafiya. Sannan ku yanke ƙa'ida ke da maigida, ku rubuta ta: da zarar an sa yankinku cikin shirin ko-ta-kwana na guguwa ko na tumbatsar teku, ke da yara da Hajiya kun tafi, da rana, ba jiran umarni. Za ku fita wani lokacin guguwa ta kauce, ku dawo ku tarar ko ganye bai faɗi ba, kun yi asarar kuɗin masauki. Ku sa wannan a cikin kuɗin zama a tsibiri, kamar kuɗin ƙetare gadar. Kada ranar ta zo a tsaya gardama, domin tsofaffinmu sukan ce ba inda za su, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ki fara shirya ta da maganar tun yanzu cikin girmamawa, ki bar ɗanta ya faɗa mata, a tuna mata cewa ɗaure raƙumi ba ya kore tawakkali.

Abu na ƙarshe ya shafi maigida. Ma'aikatan otal da kantuna da gidajen abinci su ne sukan fita a ƙarshe, domin su ake bari su sallami baƙi, su rufe tagogi, su ɗaga kaya sama. Kafin ya sa hannu a takardar aiki, ya tambayi shugabansa a fili: awa nawa kafin guguwa ake sallamar ma'aikata, ana biyan albashi idan wurin ya rufe, kuma idan gidan na wurin aikin ne, ina za ku zauna idan ya lalace. Idan motarku ɗaya ce, ku san tun yanzu wa zai fitar da ke da yara ranar da aka riƙe shi a wurin aiki. Idan ba ku samu amsar wannan ba, kada ku karɓi makullin.